Ɗakin Ƙirgar Haske

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in zo, na ji. Amma Yaya, abin da na shekara uku ina nema shekaranjiya na same shi. Wani ɗan tabo ne a cikin ƙwallon lu'ulu'u da bai kai ƙwayar shinkafa ba. In na haska masa fitilar leza, sai ya riƙa sakin haske ƙwaya ɗaya-ɗaya, ba ya haɗa biyu. Da irin wannan hasken ake son aika saƙon da ba mai iya sata a hanya. Na san za ki ce duk wannan wahala a kan tabo, ke da kike dukanmu saboda tabon riga.

Lu'ulu'un yana cikin injin sanyi. In na tafi, Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa zai ba wasu injin, in kuwa ya ɗumama, ƙila tabon ya mutu. Ki ba Inna haƙuri, mako biyu kacal.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Kin rubuto cewa kin san ba ni da laifi, layi ne bai shiga ba. Layi ya shiga, Yaya. Ɗakin da muke ƙirga hasken duhu ne ƙirin, har ƙasan ƙofa mun toshe da baƙin ƙyalle. Hasken waya kaɗai ya isa ya ɓata aikin yini, shi ya sa kowa ke barin tasa a akwati a waje. Ranar na ji tawa tana ruri ta bayan ƙofa, na kuma san ke ce. Na ce bari ƙirgar ta cika. Awa shida ta ɗauka. Da na fito, kira goma sha ɗaya na tarar.

Aikin ya yi kyau. Farfesa sai dafa kafaɗata yake yi, ni kuwa ji nake kamar in fasa injin. Na tsani ɗakin nan, kuma gobe da safe zan koma cikinsa.

Jibi ina hanya, in Allah ya yarda. Kafin in iso ina roƙonki abu ɗaya, kuma kada ki rarrashe ni yadda kika saba. Cikin kiran nan goma sha ɗaya, a na nawa ne Inna ta daina tambaya ko na ɗauka?

Ƙaninki,
Auta