Bel ɗin Keke Yana Aljihun Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da tsayuwar wurin aiki take tayar miki, ya raya mana yara bisa alheri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fita kasuwa da kanta. Maigidana yana nan yana fama da wayoyin wutar mutane, ya fita da sassafe ya dawo hannu baƙi ƙirin. Ni kuwa kin san hali, in na gama aikin gida sai littafi. Amma kwanakin nan ko shafi ɗaya na kasa gamawa, kuma dalilin da ya hana ni shi ne ya sa na ɗauki biro. Na san Gwaggo ta riga ni kiranki. Na zaɓi rubutu ne don in na ɗauki waya bakina zai rikice, maigidana zai ɗauki hoton takardar ya turo miki yau.

Maganar Auta ce da keken ɗinkinki. Kin san tun da kika tafi kika bar keken a ɗakin Mama, Auta ce ta share masa ƙura ta sa masa mai. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda yarinyar nan ta ɗauki abin da gaske. Ni da nake zuwa gida kusan kullum da rana in zauna kusa da ita ina karatu, na ɗauka wasa ne. A littattafan da nake karantawa, yarinya takan fara sana'a a babi ɗaya, kafin a juya babi na gaba ta mallaki shago mai ƙofar gilashi da ma'aikata suna rusuna mata. Har suna na raɗa wa shagon Auta, na faɗa mata kalar labulen da za mu sa. Ta yi dariya ta ce ni dai in riƙe labulen, ita burinta na wannan zangon karatu shi ne ta iya sa zip ba tare da ya murguɗe ba. Haka take tafiyar da abinta. Ta ce ba za ta taɓa kayan manya masu ado ba sai ta ƙware a kan kayan makarantar yara, wando da riga da siket, har hannunta ya san su ko idonta a rufe. Ta ɗora wa kanta cewa duk wanda ya karɓi ɗinki za ta dube shi ta tambaye shi abin da bai yi masa ba, ita da a da ko baƙo ya yi sallama sai ta shige bayan ƙofa. Ba ta hawa keke sai ta gama aikin makaranta. Babban abin da ta ƙulla kuwa, wanda ya jawo mana wannan tashin hankali, shi ne ba za a taɓa yi mata dariyar alƙawarin tela ba. In ta ce rana kaza, to rana kaza ce, kuma wanda ya fara kawowa shi za ta fara sallama.

To, akwai maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, wadda take shara a asibiti. Ta kawo yadin kayan makarantar yaranta, Auta ta auna su, ta yanka, ta ce mata ta zo ranar Asabar. Makaranta za ta koma Litinin, kuma makarantar tasu ba ta barin yaro ya wuce bakin ƙofa ba da kayan ba. Ana cikin haka sai ga Gwaggo da yadinta a leda, za su yi taron ƙungiyarsu ta mata ranar Lahadi, tela ya ƙi karɓa, ta ce ai ga 'yarta a gida. Ina zaune a wurin, Yaya. Auta ta tashi ta karɓi ledar da hannu biyu, ta yaba yadin, sannan ta ce cikin ladabi akwai aikin mutane a gabanta da ta riga ta sa wa rana, in ta haɗa biyu ɗaya zai kwana, amma tana gama wancan za ta hau na Gwaggo, ko sisi ba za ta karɓa ba. Sai Gwaggo ta tambaya ko ita ce yau za ta bi layi a gidan ƙaninta, a bayan bare, a hannun yarinyar da ta goya har zaninta ya ƙoɗe. Ta ce ashe keke yana koya wa yara ɗinki har da tsaurin ido. Ta ɗauki ledarta ta fita ba ta ko sha ruwan da Mama ta kawo ba.

Kada ki ce ina ɓata Gwaggo. Ke kin fi ni sanin wanda ya kwana da Mama a asibiti lokacin haihuwar Auta, kuma na ga idonta ya kawo ruwa a bakin ƙofa. Ciwo ta ji na gaske. Da Baba ya dawo ta riga ta tare shi a hanya. Ya shigo bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya zare bel ɗin keken, ya naɗe shi ya sa a aljihun rigarsa, ya ce Auta ta je ta ba Gwaggo haƙuri. Ta je, ni na raka ta. Ta durƙusa har ƙasa, ta ce a yafe mata ɓacin ran da ta jawo, ta yi kuka sosai. Gwaggo ta fara saukowa, ta ce to a ɗauki ledar. Sai Auta ta ce za ta ɗauka, amma na 'yan biyu ne farko. Yaya, na so ƙasa ta tsage. Gwaggo ta ce wannan ba ban haƙuri ba ne, ciniki aka zo yi da ita. Yanzu ta ce a kai keken gidanta surukarta ta yi amfani da shi, tunda ya zama abin raba zumunci. Baba ba ya iya musu da yayarsa, kuma na lura ba ya iya duban Auta. Sai ya ce keke ba nasa ba ne, mai shi tana nan da ranta, abin da kika ce shi za a yi. Ya sauke kayan a kanki, shi kuma yana yawo da bel a aljihu, har wurin aiki.

A hanyarmu ta dawowa na ba Auta shawara irin ta mai neman mafita. Na ce ta ɗinka na Gwaggo, ta ce wa Maman 'Yan Biyu keke ya lalace, wane tela ne bai taɓa faɗin haka ba. Ta tambaye ni wa zai tsaya da yaran a bakin ƙofar makaranta ranar Litinin, ni ko Gwaggo. Ta ce Gwaggo tana da kaya cike da akwati da za ta iya sawa ranar Lahadi, su kuwa yadin nan shi ke nan gare su, kuma ta riga ta sa masa almakashi, ba ya mayuwa. Ta je wurin telan bakin titi da yake nuna mata aiki ko zai ara mata keke, ta tarar kayan makaranta sun kai masa wuya, ya ce ko kujerar zama ba shi da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Ke da kika yi shekaru a kan keken kin san ko babu bel ana iya juya shi da hannu a yi ɗinki, sannu a hankali. Ita ma ta sani. Jiya Baba ya fita, Mama ta shiga kicin ta ja ƙofa da ƙarfi yadda kowa zai gane ba ta ganin komai, ni kuma na ce wa Auta ga dama. Ta zauna a gaban keken, yankakkun yadin a jere a kan gado da alamar alli a jikinsu, ta ɗora hannu a kan cinya ba ta taɓa shi ba. Ta ce Baba ba bel ya cire ba, cewa ya yi ta tsaya, kuma ba za ta cika alƙawarin waje da ha'intar na gida ba. Da yamma ta tafi da ƙafarta ta sami Maman 'Yan Biyu ta faɗa mata akwai matsala a gida, mai yiwuwa aikin ya gagara, ba ta ambaci sunan kowa ba. Matar ta ce za ta jira zuwa Alhamis, daga nan dole ta kwashi yadin ta shiga neman wanda zai tausaya mata.

Ban san abin da ya dace ba, Yaya, gaba kura ce baya sayaki. A littattafaina a irin wannan wuri wani yakan shigo da mota ya warware komai, nan kuwa ke kaɗai muke kallo. In kin bar wa Auta keken, Gwaggo za ta ce kin zaɓi yarinya a kanta, kuma kin san ba ta mantuwa. In kin ba Gwaggo, ina tsoron abin da Auta za ta koya, cewa maganarta tana da nauyi ne kawai sai babba ya shigo da leda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ban san ta wane ɓangare muke tanƙwara wannan ba. In da za ki kira Gwaggo da kanki ki lallashe ta, ke tana jin maganarki, wataƙila a sami hanya. Amma Baba za ki fara kira, shi yake jira.

Ki gaida maigidanki da kyau, da Babban Yaya in kun haɗu, da takwarar Mama da ƙaninta mai rigima. Mama tana gaishe ki, maigidana ma haka. Na tambayi Auta ko akwai abin da zan rubuta miki a madadinta, na ɗauka za ta ce in roƙe ki. Ta ce a'a, keke naki ne, duk abin da kika yanke ta karɓa. Abu ɗaya take nema, kada ki yi shiru don gudun ɓata wa wani. Ko a'a ce, ki faɗe ta kafin Alhamis, don ta sami lokacin da za ta ɗauki yadin da kanta ta bi shago shago tare da matar.

Wassalam, taki har kullum,
Ƙanwarki ta tsakiya.