Muryar da Ba Ta Cikin Faifan

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Umma. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, albishirinka! Editan jaridarmu ya ba ni shafi na gwaji: in yi sharhin faifai biyar na mawaƙiyar nan ta Jamaika mai kiɗan rege, ɗaya kowane mako. In ya gamsu, shafin ya zama nawa. In bai gamsu ba, in koma gyara wa wasu aya da waƙafi. Wallahi sai da na danne dariya. Matar da nake ji tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburin gyaran rediyonka! Ya ce in nemi waƙoƙin a intanet, na ce a raina, ni da kwalin kaset-kaset ɗinka yake hannuna? Na kakkaɓe tsohuwar rikodar, ta ɗan yi tari, ta kama aiki.

Na gama biyu. A na farko ganguna sun danne ta, yarinya ce lokacin, tana tsoron makirufo. A na biyu bakinta ya buɗe, jita mai kauri tana biye da ita a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Amma na ukun nake ɗoki, saboda waƙar ruwan saman nan, inda wata siririyar murya take shigowa daga baya. Kada ka karanta wa Umma, na san cewa za ta yi har yanzu ban rabu da hayaniyar nan tamu ba.

'Yarka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Ni dai lafiya lau, kunya ce kawai ta ishe ni.

Sharhi na uku ya fito. Rabin shafi na cinye a kan siririyar muryar nan. Na ce ita ce ran faifan, har na caccaki kamfanin da bai rubuta sunan mai ita ba. Sai ga wasiƙa daga wani dattijo mai tara faifai, wai shekara talatin yana jin waƙar, bai taɓa jin murya ta biyu ba. Edita ya kira ni ofis ya kunna waƙar a kwamfuta, sau uku. Baba, babu! Matar ita kaɗai take waƙarta. Bai yi faɗa ba, ya dai ce mai ƙirƙirar abin da babu ba zai riƙe masa shafi ba, ya ba ni kwana uku in zo da bayani.

Ni kuma ga ta nan a kaset ɗinka, yanzu ma na ji ta. Don Allah a ina ka samo shi?

Auta

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa ta musamman, ina fatan jiki da ƙarfi. Yaya ɗinki?

Umma, Baba ya tona miki asiri. Ya ce aron faifan ya yi, ya ajiye rikoda a gaban sifika a ɗakinki don ya naɗa a kaset, ya gargaɗi kowa kada a yi ko tari, ya koma shago. Ke kaɗai ya bari a ciki kina yanka yadi. Na sake saurara da kyau, sai na ji ƙaf-ƙaf ɗin nan da na rubuta cewa wani salon kiɗa ne. Ashe almakashinki ne! Haba Umma, shekara nawa kina toshe kunne kina cewa hayaniya?

Na kai wa edita kaset ɗin. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce in rubuta gyara. Na rubuta gaskiya tsaf: laifina ne, muryar ta mahaifiyata ce, kuma ban janye yabon ba. Shafin ya zama nawa, da sharaɗin in daina sharhi daga kwalin Baba. Dattijon ma ya sake rubutowa, wai a ba shi kwafi. Na ce sai mai muryar ta yarda, ki yi shawara.

Na samo sabon faifan kamar yadda aka ce. Sauti tangaran, babu shuu, babu almakashi. Sau ɗaya na ji shi na ajiye. Waƙar na da daɗi, Umma, amma ba kya ciki.

Taki har kullum,
Auta