Tagar da Ma'aikacinku Ya Sa Na Toshe wa Inna

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mana da na'urar sanyaya ɗaki a nan Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya aiki, ya kuma haƙuri da wannan zafi? Ba zan kama sunanka ko na kamfaninka ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba, kuma in ka karanta za ka gane kanka. Sau huɗu ina zuwa ofishinka, kowane zuwa sai a ce yanzu ka fita. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Yalwawa. Mahaifiyata, Inna, tana wurina tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita muka ɗauko ta daga Miga. Ga kuma ciwon suga. Ba ta iya juyawa sai an juya ta, magana ma da ƙyar take fita. Likitan da ke duba ta ya ja mana kunne ƙwarai kada a bar ta kwance cikin gumi, domin in fatar bayanta ta sale ta zama gyambo, a jikin mai suga ba lallai ne ya warke ba. Saboda wannan ne ni da ƙannena muka haɗa ƙarfi muka sayi esi, wato na'urar sanyaya ɗakin nan, a wurinku, muka haɗa mata sola don kada ɗaukewar wuta ta dame mu. Ba gayu ya sa muka saya ba, lafiyar bayan tsohuwa muke tsaro.

Na ɗaya. Ranar da aka zo kafa ta, shekara biyu ke nan, ma'aikacinku ya shiga ɗakin Inna ya duba. Ɗakin yana da taga guda mai ƙyauren katako, tana kallon bayan gida. Ya ƙwanƙwasa ƙyauren ya ce min, "Malam, in dai kana son sanyi ya zauna, toshe wannan da bulo, duk ta nan zai gudu." Ban yi musu ba. Mutum ya zo da riga mai tambarin kamfani da akwatin kayan aiki, ni kuwa alli na sani. Kafin magariba an jera bulo an shafe da siminti, ɗakin ya koma ba shi da wata kafa sai ƙofa. Har godiya na yi masa, na raka shi bakin titi.

Na biyu. Makonni uku da suka wuce, ranar wata Alhamis, esin ta yi wani gurnani ta tsaya cak. Takardar garanti tana hannuna, wa'adinta bai ƙare ba. Mutanenku sun zo ranar Asabar, suka ce iskar gas ce ta ƙare, suka ɗura. Ta yi aiki zuwa la'asar ta sake mutuwa. Suka dawo ranar Litinin suka kwance akwatin esin na waje gaba ɗaya, suka ɗora a mota, wai za su duba a shago gobe su dawo da shi. Har yau goben ba ta zo ba. In na kira waya sai a ce min, "Ana kai, Malam." Haba jama'a! Na gaya musu akwai mara lafiya a ɗakin, na gaya musu abin da likita ya ce, wallahi har roƙonsu na yi.

Na uku, zafin kansa. Ranka ya daɗe, a yankin nan aka haife ni, na ga bazara iri-iri, amma wannan ta ba ni tsoron Allah. Ruwan farko ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, sai ƙasa ta shiga fitar da tururi. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin a saman duwatsun garin nan, mu fito muna kallo muna ta salati, sai ya watse ko ɗigo babu. Iska ta tsaya cak, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Mutum zai yi wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Awakinmu suka kwanta a gindin katanga baki buɗe, ko dusa ba sa kallo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne randa. Randar da ke ba mu ruwa mai sanyi a tsakiyar zafin azumi, sai ga ruwanta ɗumi-ɗumi, jikinta ya jiƙe ya ƙi bushewa. Na tsaya a kanta ina cewa Subhanallahi, ashe sanyin randa ma ba nata ba ne, na iska ne, in Allah ya riƙe iskar shi ke nan.

Maiɗakina Hajara ta yi abin da kowa ya taso ya ga ana yi: ta yayyafa ruwa a daɓe, ta jiƙa zannuwa ta rataya, muka kunna fanka. Ashe wannan dabarar ta busasshen zafi ce. A irin wannan damshi, kuma a ɗakin da ba taga, sai wurin ya koma kamar madambaci a kan murhu. Muka gwada falo, ya fi muni, don kwano ne ba silin. Muka gwada rumfa, ƙudaje suka taru, ɗagawar da ake mata kuma tana sa ta nishin da ba na iya saurare. Dole muka mayar da ita ɗakinta, muna karɓa-karɓar mafici ni da Hajara, muna juya ta muna goge mata baya. Ƙuraje suka feso mata tun daga wuya har ƙugu. A mako na biyu, da hantsi, Hajara ta juya ta sai na ji ta ce, "Innalillahi." Wuri guda ya buɗe a ƙugu, faɗinsa kamar ƙumbar babban yatsa. Na fita bayan gida na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Za ka iya tambaya, ita Inna me ta ce duk wannan lokaci? Ba ta ce komai ba, kuma ba nauyin harshe kaɗai ya hana ta ba. Ni ne ɗanta na fari. Tun da na buɗe ido ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ta ce ga abin da ke damunta ba. In na shiga na gaishe ta, sai ta kau da kai ta ce, "Lafiya lau." Haka matan ƙauyenmu na wancan zamani suke da 'ya'yan fari, ni kuma na ɗauki lafiya lau ɗin nan a matsayin gaskiya.

Na huɗu, kuma saboda shi na fi son a karanta wasiƙar nan. Labari ya kai Miga, sai ga ƙanen Inna, Kawu Ado, ya iso da safe. Maginin ƙasa ne, ya tsufa, idonsa ɗaya ma ya yi yana. Ya shiga ya gaida yayarsa, bai daɗe ba ya fito yana share fuska da hula, ya dube ni ya ce, "Kai, a rumbu ka ajiye min 'yar'uwa?" Sannan ya ce da Hajara ta ɗebo masa toka a murhu. Ya koma tsakiyar ɗakin ya ɗaga hannu ya saki tokar, ta sauka sak a kan ƙafarsa, ko kaucewa ba ta yi ba. Ya fita ya zagaya gidan yana sakin toka a kowace kusurwa, yana binta da ido. Ni ina biye da shi ina cewa a raina yau ai babu iska ko kaɗan a garin nan. Da muka iso bayan ɗakin, daidai inda aka jera bulon, ya saki tokar, wallahi sai na ga ta karkata a hankali ta nufi bango. Ya ce, "Ga ta nan. Wanda ya gina ɗakin nan ya san iskar wannan lokaci daga kudu maso yamma take zuwa, shi ya sa ya ajiye mata taga a nan. Wane ne ya toshe?" Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Muka lulluɓe Inna saboda ƙura, ya karɓi guduma ya fasa bulon. Bai tsaya nan ba, ya taka tsani ya huda wata 'yar kafa a can sama kusa da silin, a bangon da ke fuskantar tagar, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Ya ce zafi sama yake hawa, in bai sami mafita ba sai ya dawo kan mai ɗaki, kuma iska ba ta shiga inda ba ta da hanyar wucewa. Ya sauko ya sake sakin toka a inda ya fara. Ranka ya daɗe, da idona na gani: tokar ta yi kamar za ta sauka, sai ta kwanta a iska, ta yi gaba, ta hau ta nufi kafar nan. Shekara ashirin ina koya wa yara cewa iska mai ɗumi sama take yi, ina rubutawa a allo, ban taɓa ganin abin ba sai a hannun tsohon da bai taɓa zama a aji ba. Ba sanyin esi ba ne, ba zan yi ƙarya ba, amma kafin azahar zanen gadon Inna ya bushe, ya kuma zauna a bushe. Allahu Akbar!

Muka juya ta ta fuskanci tagar. Akwai wata dalbejiya da Hajara ta dasa a bayan gida shekarar da Inna ta zo, yanzu ta wuce tsayin katanga. Inna ta daɗe tana kallonta, hawaye na bin gefen fuskarta. Ina tsaye a bakin ƙofa, ta san ina nan, amma ƙanenta ta kira. Ta ce masa, da wannan harshe nata mai nauyi, "Ado, ka gaya wa mai gidan nan kada ya sake rufe ta. Na yi shekara biyu ban ga sama daga ɗakin nan ba." Ni da nake ganin na yi mata gata, ashe kulle ta na yi, ta kuma haɗiye don kada ta kunyata kyautar ɗanta.

Don haka ba duk laifin nake ɗora muku ba. Ni na kira mai bulo, wannan kaso nawa ne, na roƙi gafarar Allah, na kuma roƙi tata ta bakin Kawu. Amma ku ma ku ɗauki naku. Ina roƙo a dawo mana da na'urarmu a gyare cikin makon nan, ko a ba mu wata kamar yadda takardarku ta yi alkawari, domin likita ya ce har yanzu sanyin zai taimaka wa ciwon da tsakar rana. Wanda zai zo kafawa ya sani tagar nan tana nan, za mu sa mata gilashi mai buɗewa, ba mai sake kusantarta da bulo. Babban roƙona kuwa shi ne ka tara ma'aikatanka ka hana su wannan shawara. Ban san gida nawa suka sa aka toshe wa taga a garin nan ba, kai ka sani, kana da littafin waɗanda ka kafa wa. Na'ura tana mutuwa, wuta tana ɗaukewa, kuma a wasu ɗakunan akwai wanda ba zai iya tashi ya fita ba. Ku bi su ku gaya musu tun kafin tasu ta tsaya.

Allah ya yi maka jagora a shugabancinka, ya sa albarka a kasuwarka, ya ba iyayenka lafiya in suna raye, in sun riga mu ya sanyaya makwancinsu. Da Inna ta ji zan rubuto maka, ta ce da Hajara a gaya muku ita ba ta riƙe kowa da komai ba. To na isar da saƙo, ita ta yafe. Ni ban kai nan ba tukuna. Safe da yamma muke wanke ciwon nan, har yau bai rufe ba, kuma shi nake jira.

Wassalam.

Naka,
Malam Sabo, ɗan Inna,
Yalwawa, Dutse.