Awa Ɗaya da Ta Ƙara wa Raudatu Shekara

Zuwa ga ƙanena Abdurrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Dakar, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Dakoro sai godiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita kasuwa.

Dalilin wasiƙar nan, ɗiyarka Raudatu ce. Ta ajiye dosiyenta, wato takardunta, na jarrabawar shiga makarantar ungozoma, kuma sharaɗinsu ba a karɓar wanda aka haifa kafin shekarar 2003. Ka san mu mutanen daji, wanda ba a riƙe ranar haihuwarsa ba sai a rubuta masa ɗaya ga Janairu, ita ma haka takardarta ta ce, 2003. A wayarta ranar ta fito daidai. Amma da jerin sunaye ya iso, sai ga talatin da ɗaya ga Disamba, 2002, an ja mata jan layi.

Na tafi da ƙafata wurin Malam Mainassara, mai shigar da sunayen. Ya ce shi daidai ya rubuta. Wai na'urarsu tana aika ranar ga wata na'ura, wani lokaci ranar kaɗai, wani lokaci haɗe da awa, ita kuma waccan sai ta mai da ita agogon wata ƙasa da ke bayanmu da awa ɗaya, sai sha biyun daren farkon ranar ya koma sha ɗayan daren jiyanta. Ya ce mutum goma sha ɗaya abin ya shafa, dukansu 'yan ɗaya ga Janairu.

Wallahi har da ɓacin raina abin ya ɗaure mini kai. Na'urorin nan ba sa shawara ne kafin su yi magana? Wa ya ce su sa wa ranar haihuwa awa? Tun da aikinka ke nan, kullum kana gaban allo kamar mai duba, ka fahimtar da ni, don tambaya rabin ilimi ce.

Ranar Alhamis ake rufe jerin, kuma baɗi shekarunta sun wuce da gaske. Ka rubuto abin da za a gaya wa masu na'urar, da Faransancinku, in kai da hannuna. Raudatu dai har yanzu tana bitar darasi, ni ce na kasa kallonta.

Ka gai da Aisata da yara. Inna da Elhaji Kimba suna gaishe ka.

Yayarka,
Zuhura