Dogo da Auta Sun Raba Sabobi

Zuwa ga Kawuna abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan jiki lafiya lau, Umma ma hawan jininta ya sauka, sai dai zukatanmu ba daɗi.

Kawu, ka san manyan kwamfutoci ukun nan da muke kira saba, waɗanda ƙannena Dogo da Auta ke ajiye wa mutane shafukansu na intanet a kai, ni kuma ina kula da masu hulɗa da mu. To, masu yin nau'in Linux ɗin, wato babbar manhajar da ke tafiyar da su, sun sanar cewa za su daina aiko da gyaran tsaro, dole mu koma wani. Dogo ya ce sai nau'in da ba ya yawan canzawa, domin saba kamar gidan haya ce, in rufi ya yi yoyo kowa zai jiƙe. Auta ya ce wannan tafiyar hawainiya ce, sababbin shafuka ba za su yi aiki a kan tsoffin manhajoji ba. Wallahi kowannensu da gaskiyarsa, shi ya sa na rasa wanda zan ba haƙuri.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Auta ya ɗora nasa zaɓin a kan saba ɗaya ba tare da shawara ba. Shafin wata makaranta ya tsaya ranar fitar da sakamakon jarrabawa, iyaye suka yi ta kira. Shugabar makarantar ta zo da kanta, ba ta ɗaga murya ba, ta ce dai mu haɗa mata kayanta, za ta kai shafin wani wuri. Wani mai kantin magani da muke ajiye wa shafi ma ya bi bayanta. Dogo ya canza kalmar sirrin sauran biyun, Auta kuma ya fitar da teburinsa baranda. Yanzu in ɗaya na son magana da ɗaya, ni ake aikowa, alhali ƙofa ɗaya ce tsakaninsu.

Umma ta tara su, ta ce ita ba ta san Linux ba, amma ta san cikin da suka fito. Suka sunkuyar da kai, suka ce to, washegari kowa ya koma inda yake. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi ina kallon jinkar tana zubewa. Na daina sa rai, Kawu. Ko da an zaɓi nau'in yau, ban ga wanda zai zauna kusa da ɗan'uwansa su ɗora shi ba.

Jiya Auta ya ce mini ya sami aiki a garinku, zai taso ƙarshen wata, Dogo bai sani ba tukuna. In ya iso, don Allah kada ka tambaye shi wa ke da gaskiya. Ka ba shi masauki, ka kuma riƙa tuna masa ya kira Umma.

A gaishe mini da Inna, da Yaya Babba da maigidanta, da 'yan biyu masu ƙiriniya. Umma na gaishe ka, ta ce a sa yaran nan a addu'a.

Taka har kullum,
'Yar ƙanwarka