Ba a Tafa wa Kowa a Cocinmu

Litinin, 2 ga Fabrairu, 1998

Sun manna takarda a ƙofar coci: bikin kaɗe-kaɗe na kwana huɗu, makaɗa daga Bombay, har da wani Bajamushe mai babban goge. Zelia ce ta haɗa abin, 'yar marigayiya Assunta mai gasa burodi. Ni na fara ɗora mata goge a kafaɗa, tun haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. Yau sunanta da manyan baƙaƙe, nawa ko a gindin takardar babu. Dama ban sa rai ba. Garin da ya mai da makarantar kiɗa ɗakin ajiye kujeru, ya sallame ni, Mestrinsa, wato malamin kiɗansa, ya sayi molon lantarki, shi ne wai zai yi biki.

Laraba, 4 ga Fabrairu

Ina gunaguni a kan abinci, ƙanwata Ermelinda ta ce, "Yaya, kifin nan ne ya kore ka daga aiki? Ci ka bar shi ya huta."

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Zelia ta zo gaishe ni da kek na kwakwa. Furfura ta fara fito mata, abin ya ba ni mamaki. Ta ce ta gaji da yi wa 'yan fim kiɗa a bayan labule. So take ta dawo gida, ta sake buɗe makarantar. Amma sai ta ga ko garin na so. In ba ya so, akwai wani mutumin Delhi da ke neman gidan uwarta, ta sayar ta koma, ba kuma za ta sake dawowa ba.

Na ce, "Sayar, 'yata. Ni na zauna, dube ni."

Na yi Latin, na yi Fotugis, na karanta kiɗa a makarantar horar da limaman coci. Abokan karatuna suka tafi Bombay suka gina benaye. Ni na tsaya koya wa 'ya'yan masunta. Ban faɗa mata duk wannan ba, ta sani.

Ta yi dariya kawai. Ta ce an ajiye mini wuri a bencin gaba. Na ce ba zan zo ba.

Alhamis, 12 ga Fabrairu

Na je. Don kawai in ji ko sun ɗaure tsirkiya daidai.

Coci ya cika maƙil, har masu sayar da kifi sun yi wanka sun sa na Lahadi. Makaɗa huɗu a gaban bagadi. Ba zan yi ƙarya a littafina ba, sun iya. Bajamushen nan in ya ja sautin ƙasa, a benci kake jin sa kafin ya iso kunne.

Da suka gama suka miƙe suka sunkuyar da kai. Shiru. Wasu baƙi daga Panjim suka fara tafi a baya, tsofaffin matanmu suka juya suka zuba musu ido, tafin ya mutu. Mutanenmu suka yi alamar gicciye, kowa ya kama hanyar gida. Makaɗan suna tsaye kamar waɗanda mota ta tafi ta bari.

Daidai ke nan. Haka na koya musu, su da iyayen wasunsu: a coci Allah ake yi wa kiɗa, ba a tafa wa kowa. Duk yaron da ya tafa ya ɗanɗani sandata.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Fada Romualdo ya hau mumbari kafin a fara, ya ce tafi ba zunubi ba ne, ya ba da izini. Yaro ne, bai san garin ba. Aka gama, ya tafa shi kaɗai da dukan ƙarfinsa. Sai na lura ba shi ake kallo ba. Ni ake kallo. Duk cocin, har Ermelinda. Na ɗora hannuwana biyu a kan sanda, na kalli rufi.

Shekarun nan duka ba wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa. Ashe akwai sauran abin da sai na ce. Na ji daɗi, kuma daɗin bai kai ni gida ba.

A hanya Ermelinda ta ce matan kasuwa tun safe zancen babban gogen suke, wata har kuka ta yi. Na ce to me ya hana su gaya wa Zelia? Ta ce, "Sun kai mata ayaba da kaguwa. Ta ɗauka jaje suke mata."

Asabar, 14 ga Fabrairu

Bajamushen ya tambaya ko sun yi wani laifi ne. Na ji ma har ya nemi a kai shi tasha, da ƙyar aka lallashe shi.

Zelia ta zo da hantsi, ba ta zauna ba. Abin da na riƙe daga maganarta:

"Mestri, na san ƙa'idar, ai ni ma na sha sandar. Amma in sun yi shiru, ta yaya zan san shirun so ne ko na haƙuri? A garin nan an yi shiru ma ranar da aka rufe makarantarka."

Wannan ta soke ni. Gaskiya ne, shiru suka yi, kuma har yau ban san irinsa ba.

Na ce ni ban hana kowa ba, hannuwansu ba a aljihuna suke ba.

"A aljihunka suke," in ji ta. "Gobe ni kaɗai zan yi na ƙarshe. Ban zo roƙo ba. Litinin mutumin Delhi zai zo da safe."

Da ta fita Ermelinda ta ajiye mini romon shinkafa ba gishiri. Da gangan ne.

Da yamma haka aka sake yi. Fada ma bai tafa ba yau, ya gaji.

Lahadi, 15 ga Fabrairu

Ta yi kiɗan wani tsohon Bajamushe, goge ɗaya tilo, ba mai raka ta. Gwiwar hannunta ta dama har yanzu tana ɗagawa fiye da kima, na yi ta faɗa tun tana ƙarama. Bayan wannan ban sami abin gyarawa ba. Na nema.

Da ta gama ba ta ko kalle mu ba. Ta juya ta durƙusa wa bagadi yadda ake yi, ta buɗe akwati ta fara goge ƙurar tsirkiya. Ba ta jira komai ba. Na san wannan bayan da ta juya mana. Haka mutum ke haɗa kayansa in ya riga ya gama da wuri.

Ba zan rubuta sauran yau ba.

Litinin, 16 ga Fabrairu

An yi tafi jiya. Har tattabarun hasumiya suka watse. Mutanen da ba su taɓa yi a coci ba, ba su san inda ake tsayawa ba, sai da Fada ya ɗaga hannu.

Ermelinda na ta yaɗawa a kasuwa wai ni na fara. Abin da na sani, sandata ta faɗi, hannuwana suka rasa abin riƙewa. Ra'ayina yana nan inda yake, ba a tafa wa kowa a coci.

Mutumin Delhi ya zo, ya sha shayi, ya koma.

Laraba, 18 ga Fabrairu

Suna fitar da kujeru daga makarantar. Zelia ta aiko wai ko zan riƙa leƙowa. Na ce a gaya mata na daina koyarwa.

Na dai bi ta wajen da yamma, hanyar kantin magani ce. Gara ta ci allon, sai an yi sabo. Na gaya wa kafinta tazarar da zai bari tsakanin layukan rubuta kiɗa, don in an bar shi zai ɓata. Asabar zan koma in duba.