Tayar da Ta Fashe a Daudawa

Faskari, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Da safe na ɗura wa siririyar tayar keken tserena iska har ta yi tauri kamar dutse, wai don in ƙara gudu. Na jingine shi cikin rana a tashar Daudawa. Ana kiran azahar sai ji kake tau! Taya ta fashe.

Kowa ya watse, an ɗauka 'yan bindiga ne. Baba Idi mai goro, wanda suka kashe wa ɗa bara, ya faɗa kwata.

Na ɗaga shi. Na ce, "Baba, tayata ce."

Ya dube ni ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana. Gobe ka rage mata iska."

Wallahi da marina ya yi, da ya fi mani sauƙi.